Kartin Baba Hama a Hanyar Ƙasar Inabi

Shafi na 11

Masu cika min telehon da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun shekaranjiya, na gan ku ɗaya bayan ɗaya. Kuran, wato wutar lantarki, shi ya yanke mana a Madawa, ba rowa ba ce. Ke kuma mai cewa Isiyaku munafuki ne tun shafi na uku, zauna ki karanta wannan tukun, sannan ki gaya min in ke ce yaya za ki yi.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Abokai uku ne ƴan Allakaye: Mahdi mai garkar albasa, Isiyaku mai taksin Buza zuwa Madawa, da Shafi'i tela, wanda bakinsa ya fi kekensa gudu. Sun ɗauki hanyar Najeriya cikin tsohuwar motar Isiyaku, za su ƙasar Zariya inda ake noman inabi, don Mahdi ya samo irin da zai dasa a garkarsa.

*

Ba su yi nisa da Madawa ba telehon ɗin Mahdi ya ɗauki ƙara. Lambar ƙanwarsa Ummusalma ce, amma ya san wa ke riƙe da telehon ɗin.

"Inna, ina kwana?"

"Mai garka, kun karya kuwa?"

Haka take kiransa. Ɗan fari ne, shekara ashirin da bakwai ke nan sunansa bai taɓa fita daga bakin Inna Jaratu ba. Da yana ƙarami "wannan yaro" ne, da ya fara ban ruwan albasa ya koma Mai garka.

"Mun sha shayi da burodi a otogar, wurin masu motoci, Inna."

"To. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Tsohin bakin masallaci sun ce ƙasar giya za ku."

"Haba Inna, inabi ne fa. Ɗan itace ne awa mangwaro."

Daga can bayanta ya jiyo muryar Baba Sufyanu yana dariya.

"Uwar Ummu, bar yaro shi tahi neman arzikinai. Inabi har cikin Alƙur'ani an ambace shi. Wanda yam matse shi yay yi giya, shi ka amsa tambaya, ba mai dashe ba. Ce mishi Allah shi kai su lahiya."

Mahdi ya ce amin, yana murmushi shi kaɗai.

Bari in tuna muku wane ne Baba Sufyanu, don kada gaba ku ce ban faɗa ba. Ƙanin mahaifin Mahdi ne, ciki ɗaya. Mahdi na da shekara takwas aka kawo labarin mahaifinsa Hama ya rasu a haɗarin kamiyo, babbar motar kaya, wajen cin rani. Inna ta yi takaba, ta zauna shekara biyu, dangi suka taru suka ce Sufyanu ya riƙe gidan wansa. Ya riƙe kuwa, riƙo na tsoron Allah. Shi ya riƙa kai Mahdi lakwal, makarantar boko, a kan jaki, shi ya yanka masa garka daga cikin tasa. Sun haifi ƴaƴa mata uku da Inna, amma har gobe in ya ce "ɗana", duk Allakaye sun san wa yake nufi.

Shafi'i ya leƙo daga kujerar baya, inda ya matse tsakanin buhun albasar tsaraba da bidon ɗin isansi, wato jarkar fetur.

"Wallahi in munka komo, zan ce ma tsohin nan mun sha har mun yi rawa bisa gudoro tsakiyar hanya."

"Kai da ko hura ta kwana sai ta juya maka kai?" in ji Mahdi.

Warin isansi ya bugi hancinsa, ya saki atishawa.

"Alhamdu lillahi."

"Ƙarasa mana," Shafi'i ya ce. "Da sauran kwana!"

Mahdi ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi tsawo ba. Abin da ya rage masa na mahaifinsa a ƙwaƙwalwa ke nan. Fuskar ta dushe a ransa, tafiyarsa ma ya manta, amma yana tuna Baba Hama in ya yi atishawa sai ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauran kwana." Ya ba abokansa wannan labari ya fi sau ɗari.

Ji kake kwaram! Mota ta faɗa wani rami da ko makaho zai kauce masa.

"Kai Isiyaku! Barci kake?" Shafi'i ya yi ihu yana riƙe da ƙeya.

Isiyaku ya ci gaba da tuƙinsa. Mutumin da fasinja ke roƙonsa ya yi shiru su ji rediyo, yau tun daga Buza bai haɗa kalma goma ba.

*

Bayan azahar suka isa iyaka. Rana ta take, kamiyoyi sun yi layi, masu ruwan sanyi na bin tagogi. Wani jami'i mai furfura a gemu ya miƙo hannu yana neman katin shaida.

"Karti."

Isiyaku ya ba da nasa, Shafi'i ya ba da nasa. Mahdi ya zaro daga aljihun gaba ya miƙa ba tare da ya duba ba.

Jami'in ya kalli kartin, ya kalli Mahdi, ya sake kallon kartin.

"Samari, kai ne wannan? To lalle ka iya ɓoye shekaru."

Sai a lokacin Mahdi ya ga abin da ya miƙa. Tsohon karti ne naɗe cikin leda, gefensa ɗaya ya ƙone, hoton baƙi da fari ya kusa gogewa. Shi kaɗai aka kawo gida daga wurin haɗarin, kuma tun ranar da Inna ta ba shi bai taɓa tafiya ba shi a aljihu ba.

"Yi haƙuri, ranka shi daɗe. Na mahaihina ne. Ya rasu shekara goma sha tara ke nan."

Fuskar jami'in ta yi laushi. Ya mayar masa da hannu biyu.

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin," in ji Mahdi.

"Amin," in ji Shafi'i.

Har mai ruwan sanyin da ke tsaye a taga ta ce amin. Isiyaku ya kafe sitiyari da ido, leɓensa bai motsa ba.

Sun wuce shingen da kamar kilomita biyu Mahdi ya ce, "Tsaya."

"Mi yaf faru?"

"Ka tsaya nic ce."

Isiyaku ya gangara gindin wata bishiyar bedi ya kashe mota. Mahdi ya fita ya zagayo ya buɗe masa ƙofa da kansa.

"Hito."

Ya fito.

"Isiyaku, an yi ma ubana addu'a. Shafi'i ya ce amin. Yarinyar da ba ta san mu ba ta ce amin. Kai ba ka ce ba."

"Ban ji ba ne."

"Kahwaɗarka na taɓa tawa, ka ce ba ka ji ba? Ran Juma'a ma da Baba Sufyanu yay yi mishi addu'a bakin masallaci, tashi kay yi kab bar wurin. Na gani, na yi shiru. Mi ubana yay yi maka?"

"Bai yi min komi ba."

"To mi ne ne?"

Shafi'i ya sauko yana gyara hula. "Kai jama'a, a kan amin guda za mu tsaya cikin wagga rana? Isiyaku, ce amin mu tahi."

Isiyaku ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ba ni iyawa."

"Don mi?"

"Don ba a yi ma mai rai addu'ar mamaci. Bakina ya ƙi, Mahdi. Wata biyar ke nan shina ƙi."

Wata babbar mota ta wuce da ƙara.

"Sake hwaɗi," Mahdi ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Baba Hama na da rai. Shina gonar da za mu."

Mahdi bai san lokacin da ya caƙumi wuyan rigarsa ba. Tun suna tallar gyaɗa a kasuwar Allakaye ko tsawa bai taɓa yi wa Isiyaku ba, yau ga shi ya manna shi da jikin mota.

"Da ubana za ka yi min wasa? Da ubana?"

"Buge ni in kana so. Wallahi tallahi, da idona nig gane shi."

Isiyaku bai ɗaga hannu ya kare kansa ba. Haka ya ba da labarin, wuyan riga a hannun abokinsa.

"Watan Maulidi na kai wani Alhaji ɗan Madawa can gonar inabin. Ina yawo cikin rumhuna sai nig ga wani dattijo shina ɗaure rassa. Na gaishe shi, ya amsa da Adarci tsantsa, Hausar garinmu. Nic ce, Baba, ɗan ina? Yac ce, ɗan duniya. Nic ce, to ni ɗan Allakaye ne. Mahdi, almakashin da ke hannunai sai da yaf faɗi ƙasa. Ya tambaye ni ko tsamiyar bakin kasuwa na nan. Sannan yac ce, akwai wani yaro gidan Sufyanu, sunanai Mahdi, ya girma?"

Hannun Mahdi ya saki rigar da kansa.

"Ya sa ni rantsuwa ba ni hwaɗi ma kowa. Na rantse. Na komo gida ina kallonka kullum, abinci ba ya wuce min. Sai nic ce to, in ban hwaɗi ba, ai ina iya kai ka ka gani. Ni nis sa maka son inabin nan a rai, Mahdi. Ni nir riƙa nuna maka hotuna. Yanzu ga shi na karya rantsuwar ma, sai in yi kaffara."

Mahdi ya zaro kartin.

"To wanga fa? Wa anka binne?"

Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. A wancan lokaci ƴan cin rani aron karti suke tsakaninsu kamar aron hauya. Wanda nasa ya ɓace ya karɓi na ɗan'uwa ya tsallaka iyaka, in an haɗu gaba ya mayar. Hoton baƙi da fari ne, hula iri ɗaya, wa zai tsaya tantancewa?

"Wani abokin tahiyarsu ne, Faruƙ, ɗan Deule," in ji Isiyaku. "Nashi ya ɓace, Baba Hama ya ara mishi. Kamiyon da yash shiga shi ne yak kama wuta. Kartin kaɗai anka iya karantawa."

Mahdi ya sulale ya zauna a ƙasa, ya jingina da tayar mota.

Shafi'i ya tafa hannu, fuskarsa ta washe.

"Allahu akbar! To ai wanga abin murna ne! Mahdi, tashi! Babanka na da rai! Wallahi ran da munka kai shi Allakaye sai an yanka sa, Inna kuwa..."

Ya tsaya da bakinsa a buɗe.

"Inna," ya sake cewa a hankali. "Inna lillahi."

Nan ne fa gizo ke saƙar. In Hama na da rai, Inna Jaratu ta yi takabar mijin da bai mutu ba, ta auri ƙaninsa, sun shekara goma sha bakwai a ɗaki ɗaya, ga ƴaƴa uku. Ba ta yi laifin komai ba, kowa ya sani. Malamai su suka san hukunci, amma bakin mutanen gari ba ya jiran malamai. Mahdi ya ga Ummusalma a bakin rijiya ana nuna ta da leɓe. Ya ga Baba Sufyanu, mutumin da ya goya shi ran da kunama ta harbe shi, yana kwashe kayansa daga gidan. Tausayin uwarsa ya kama shi har ya rufe murnar, kuma ya ji kunyar kansa da murnar ta zo masa ma.

Gaba kura, baya siyaki.

Isiyaku ya tsuguna a gabansa.

"In ka ce mu koma, yanzu in juya mota. Mu ce inabin ya ƙare. Mu uku munka sani, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba."

Mahdi ya daɗe yana kallon hanyar da suka fito. Sannan ya share fuska da gefen riga.

"Tada mota. Mu tahi."

*

Sun kwana a Funtuwa, da hantsi suka shiga gonar.

Mahdi bai taɓa ganin irinta ba. Rumfunan waya ne jere har inda ido ya tsaya, ganye ya rufe sama kore shar, ragowar nonnan inabi na reto a kan mutum. Wata biyar yana mafarkin wannan wuri, yau ga shi ciki amma ko ɗaya bai kai hannu ya taɓa ba.

Can ƙarshen layi wani mutum na tsaye ya ba su baya, yana datse rassa da almakashi.

"Salamu alaikum, Baba," in ji Isiyaku.

Mutumin ya juyo. Fuskar Baba Sufyanu ce sak, sai dai ta fi ramewa, gemun ya yi fari fat.

Dattijon ya dubi Isiyaku tukun.

"Ɗan Allakaye, ka ci amanata."

"Na ci, Baba. Ka yahe min."

Sai ya mayar da ido kan Mahdi. Ya dube shi daga hula har takalmi, ya sake hawa.

Duk maganar da Mahdi ya shirya a hanya ta gudu. Ya zaro kartin ya miƙa masa.

Baba Hama ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya shafa gefen da ya ƙone da babban yatsa.

"Allah shi jiƙan Faruƙ," ya ce. "Kwana ukku yac ce zai riƙe shi."

Wannan karon Isiyaku ne ya fara cewa amin.

"Baba," in ji Mahdi. Kalmar ta yi masa nauyi a baki. "Shekara goma sha tara. Ko saƙo?"

"Zamna, yaro."

"Ba ni zamnawa. Ka gaya min."

Dattijon ya dafa ƙarfen rumfa.

"Ban san an ce na mutu ba. Bayan mun rabu da Faruƙ, dajin katako nit tahi, can cikin Kamaru. Ciwo ya kama ni, ba karti, ba hanyar hita. Sai shekara ta huɗu nis samu na taso gida. Na iso otogar ɗin Madawa da hantsi awa yanzu, da turmin atamfa na uwarka, da takalmi naka. Na rame, na tara gemu, ba wanda yag gane ni. Ina jiran motar Buza sai nig ga ana loda ƙwaryar goro. Nic ce ma mai goron, na biki ne? Yac ce, na suna ne, gidan Sufyanu na Allakaye, wanda yar riƙe matar marigayi wansa. Allah ya ba su ɗiya."

Ya sauke ido kan kartin da ke hannunsa.

"Na zamna nan bisa benci har la'asar. Motar Buza ta cika ta tashi, wata ta cika ta tashi. Sai nit tambayi kaina, Hama, in ka shiga wagga mota, wa za ka je ka raya? Kanka kaɗai. Wa za ka kashe? Jaratu, da ƙaninka, da jinjirar da ba a ko raɗa ma suna ba. Sai nish shiga motar Maraɗi."

"Ni fa?" Muryar Mahdi ta fashe. "Ni ban shiga lissahinka ba? Ran sallah yara na riƙe da hannun ubanninsu, ni ina riƙe da karti!"

"Ka shiga, yaro. Kai kaf fi kowa shiga. Na zaɓi ka yi maraici da ka tashi kana ganin uwarka na sunkuyar da kai cikin mata. Ko na yi daidai, ko na yi kure, Allah kaɗai ya sani. Takalmin na nan cikin akwatina. Ban iya ba kowa ba."

Shafi'i ya juya baya yana jan hanci. Mahdi ya so ya riƙe fushinsa, amma ina! Zuciya ba ta da ƙashi. Ya durƙusa ya kama hannun mahaifinsa, hannu mai kaushi duk tabon waya, ya kifa goshinsa a kai yana kuka kamar ɗan shekara takwas. Baba Hama ya dafa kansa.

"Sufyanu ya riƙe ka da kyau?"

"Ya riƙe ni, Baba. Bai taɓa bambanta ni ba."

"Na san za ya yi. To ka ji roƙona guda. Zan yankar maka iri mai kyau da hannuna, in koya maka dashe. Ka ɗauka ka koma. Ni kuma ka bar ni cikin kabarina, na saba da shi."

Kafin Mahdi ya amsa, telehon ɗin Isiyaku ya ɗauki ƙara. Shi kaɗai ke da layin Najeriya, kuma lambarsa Mahdi ya bar wa gida. Isiyaku ya duba, ya dubi Mahdi.

"Ummusalma ce."

Duk duniya babu kiran da Mahdi ba ya bari ya katse sai na Inna. In bai ɗauka ba, yau ba za ta ci abinci ba. Telehon ɗin kuwa tun da ya faɗa bokiti ba ya magana sai a babbar murya.

Baba Hama ya ɗora yatsa a leɓe, ya ja da baya cikin ganye.

Mahdi ya share hawaye, ya gyara murya, ya ɗauka.

"Mai garka, kun isa?"

Muryar ta cika rumfar. Mahdi ya ga mahaifinsa ya runtse ido, ya damƙe reshen da ke kusa da shi.

"Mun isa lahiya, Inna."

"Mi yas samu muryarka? Mura ce?"

"Iskar mota ce."

"Ka sha citta. To, ka ga inabin? Babanka na nan zamne shina tambaya, wai da gaske a sama yake reto?"

Reshen da Baba Hama ya damƙe ya girgiza. Garin maganin da aka barbaɗa wa ganyen ya zubo masa a fuska. Ya toshe hanci, ya yi kokawa da ita iya ƙarfinsa, amma atishawa ba ta san sirri ba.

Ta fito da ƙarfi.

Harshe kuma abin da ya saba shekara hamsin ba ya neman izini.

"Alhamdu lillahi, da sauran kwana."

Ya rufe baki da hannu biyu, amma magana ta riga ta fita.

"Yarhamu..." Inna ta fara, ta tsaya.

Suka ji wani abu ya faɗi can Allakaye, kamar ƙwarya a kan daɓe. Suka ji muryar Baba Sufyanu yana cewa, "Uwar Ummu, lahiya? Mi yaf faru?"

Numfashinta kawai ake ji.

"Mahdi."

Tun da ta haife shi, yau ne ya fara jin sunansa a bakinta.

"Mahdi, wa ke nan kusa gare ka?"